Sadik, Mai Yi Wa Iya Fassara

Yau da safe ina tsugune a ƙofar gidanmu a Makera, ina wanke kaburetar wani janareto a cikin roba, sai na ga motar Kawu Lawal ta shigo layinmu.

Motar nan ba ta zuwa sai a dogon hutu. Yanzu kuwa yara sun daɗe da komawa makaranta.

Kuma Kawu bai yi hon ba. Shekara da shekaru, tun daga kwanar masallaci yake danna hon sau biyu, Sadik ya leƙo da kai ta taga yana cewa, "Bawa, zo ka ɗauki jakar ubangidanka." Yau shiru. Ƙanwarsa Zainab ce a kujerar gaba, kujerar da ba wanda ke zama sai shi, ta rufe fuska da hijabi. A bayansu wata farar bas tana biye a hankali, tana kauce wa kowane rami.

Ban jira an faɗa min ba. Na ajiye robar na miƙe.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Abubakar Sadik, ɗan kawuna, ya rasu gab da asubahin yau a Suleja, yana da shekara ashirin da biyar. Ciwonsa ne na sikila da ya taso da shi. Ashe Kawu ya kira limamin unguwa tun kafin su taso, mu ne bai kira ba, saboda hawan jinin kakarmu Iya. Gida suka kawo shi. An yi masa sallah kafin azahar, mun kai shi kusa da kakanmu.

Ban yi niyyar rubuta komai ba. Abin da ya sa ni, a wurin zaman gaisuwa wani abokin Kawu ya ce, "Allah ya jiƙansa, yaro mai ladabi. Sai dai rayuwar tasa a gem da kallon fim ta ƙare." Ba da mugunta ya faɗa ba. Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Alhaji. Lalura ce."

Ina tsaye a wurin riƙe da buta. Ban iya magana a gaban manya ba.

Da la'asar Kawu ya shiga ɗakina zai canza riga, sai ya ga na'urar gem ɗin Sadik a kan tebur. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "Wai Haruna, me kuke samu a cikin abin nan?"

Na fita na bar shi ya canza riga. Kawu yana bin shafin nan nawa na sada zumunta, na san zai gani. Kawu, ga amsar. Ka yi haƙuri da tsawonta.

Ga waɗanda ba su san ni ba, gyaran janareto nake yi. A aji huɗu na firamare na tsaya, lokacin da mahaifina ya rasu aka dawo da ni hannun Iya. Mahaifiyata ƙanwar Kawu Lawal ce. Wato ni ɗan mace, Sadik ɗan namiji, taubasai ke nan. Kun san yadda abin yake. Duk abin da taubashinka ya faɗa maka sai dai ka rama, ba fushi, ba kai ƙara. Shi ya ce ni bawansa ne, ni na ce shi ne nawa, har ya koma ga Allah ba mu raba gardamar ba.

Ya tsokane ni da kunnuwana. Ya tsokane ni da baƙin mai da ba ya fita daga farcena. Idan na zauna cin abinci sai ya ce, "Iya, a ƙara tukunya, injiniya ya iso." Ni kuma ina kiransa Ɗan Madara.

Duk dogon hutu ake kawo su, shi da Zainab, su yi sati huɗu ko biyar. Damina ce, ruwa safe da yamma. Mu 'yan unguwa a cikin ruwan muke buga ƙwallo. Shi sanyi kaɗan ke tayar masa da ciwo, sai dai ya tsaya a taga da rigar sanyi yana kallonmu. Wanda ya ce gem ya ci masa lokaci bai taɓa ganin fuskarsa a tagar nan ba. A cikin talabijin ne kaɗai yake iya gudu har a tashi wasa ƙafarsa ba ta kumbura ba.

Shi ke kawo gem, ni ke kawo wuta. Akwai wani ƙaramin janareto da na harhaɗa daga tarkacen shagon ogana. Idan aka ɗauke wuta sai in ja shi.

Hutun da nake so in ba da labari, yau shekara goma sha ɗaya ke nan. Ya zo da gem ɗin ƙwallo wanda mutum ke gina ƙungiyarsa, ya ɗauko 'yan wasa, ya yi ta hawa da su. Kusan shekara guda yana ginata, duk kwanakin da ciwo ya hana shi zuwa makaranta. Ya san sunan kowane ɗan wasa kamar 'yan ɗakinsu ne.

Ranar da abin ya faru ana ruwa. Muna falo mu huɗu: ni, shi, Zainab, da Bulus maƙwabcinmu, ɗan mutanen Filato da ke haya a gidan da ke jikin namu. Iya ta kira Sadik ya sha magani. Ya miƙo min hannun gem ɗin ya ce, "Bawa, idan an tashi ka ajiye min wasan."

Aka tashi. Rubutun Turanci ya cika talabijin.

Da na ce ban gane ba, da shi ke nan. Amma ga Zainab ga Bulus, duk 'yan makaranta. Sai na dake kamar na sani. Na yi ta dannawa, ina shiga wurare ina fita. Wani rubutu ya fito kamar yana tambayata, na danna. Ya sake tambaya, na sake dannawa. Na ji Bulus ya ce, "Haruna, tsaya," amma yatsana ya riga shi.

Komai ya tafi.

Sadik ya shigo da kofin ruwa a hannu. Zainab, lokacin yarinya ce, ta ce, "Yaya, ya goge. Ya goge duka." Sai ta juyo gare ni ta ce, "Wai kai ba ka iya karatu ba ne?"

Tambaya kawai ta yi. Amma har yau ina jin ta a kunnena.

Na kalli Sadik. Na ga kofin ya karkace, ruwa ya zuba a kan yatsan ƙafarsa bai ma sani ba. Ya kalli talabijin, ya kalle ni. Sai ya ce, "Ni na sa shi. 'Yan wasan sun tsufa, dama sabuwa nake so mu fara. Matsa min, Bawa."

Bayan ruwa ya ɗauke na same shi a bayan gida wajen tanki yana goge ido. Ya ce hayaƙin janaretona ne. Janareton a ƙofar gida yake.

Ku tuna taubashina ne. Ya samu abin da zai riƙa yi min dariya da shi har mu tsufa, kuma ba wanda zai ce ya yi laifi. Na kwana ina jiran ya fara. Bai fara ba. Kunnuwana da farcena ya ci gaba da tsokana kamar kullum, wannan guda ɗaya ya tsallake shi.

Washegari da za a sa fim, sai ga shi ya jawo kujerar Iya har tsakiyar falo. Ya ce, "Daga yau ba a kallo a gidan nan sai da amaryata."

Iya ta ce, "Kai tafi can, ragon miji, ko cefane ba ka yi. Ni da ba na jin yarensu me zan kalla?"

Ya ce, "Ga tafintanki a zaune."

Na san za ku ce ai akwai fina-finai masu fassara a kasuwa. Akwai. Amma yaran da ke zuwa hutu ba sa kallonsu, na Turanci zalla suke zuwa da su. Kafin ranar, zama nake ina kallon hoto. Idan sun yi dariya in yi, a makare.

To daga ranar sai ya zama duk maganar da aka yi a fim, Sadik zai juya ya ce, "Iya, cewa ya yi kaza." Wani lokacin har da ƙari. Bature ya ɗaure fuska ya yi dogon bayani, sai Sadik ya ce, "Iya, cewa ya yi miyar jiya gishiri ya yi yawa."

Iya ta ce, "Ƙarya kake, ɗan nema. Ina ya ɗanɗana?"

Ya ce, "Labari ya kai ƙasarsu." Sannan ya faɗi ainihin abin da aka ce.

Ba a kai minti goma sai ka ga Iya ta rufe ido, carbi a hannu, kai ya langaɓe. Shi kuwa bai fasa ba. "Iya, matar ce ta ce ba za ta bi shi ba." "Iya, wannan ɗan sandan da ɓarayin yake, ki lura da shi." Zainab ta ce, "Yaya, Iya fa ta yi barci, ka bar mu mu ji." Ya ce, "Idonta ne ya yi barci, kunnenta na nan."

Ni mutum ne mai lura. Sana'ata ce ta koya min, sai ka saurari inji kafin ka kwance shi. Na lura fuskarsa tana wajen Iya, amma ba ya wucewa gaba sai ya ji na yi dariya ko na gyaɗa kai. Wata rana na ce bari in gwada. Na tashi kamar zan duba mai a janareto, na laɓe a bayan labule.

Fassara ta tsaya cak. Fim na ta tafiya, Turawa na ta magana, Sadik shiru.

Na ɗaga labule na shigo. Kafin in zauna na ji, "Iya, cewa ya yi..."

Ranar na gane.

A gem ma haka. Muka fara sabuwar ƙungiya tare. Duk rubutun da ya fito sai ya ɗora yatsa a kai, ya karanta da ƙarfi kamar mai magana da kansa, ya faɗi ma'anarsa. "Wannan ajiyewa. Wannan gogewa. Wannan komawa baya." Kullum, kamar shi ne mai mantuwa. Kalmomin Turanci na farko da na iya ganewa da ido ke nan. Mai tsaron gidan ƙungiyar kuma ya sa masa suna Bawa, wai saboda kunnuwansa sun isa su tare ƙwallo.

Da na yi waya, sai na fara tura masa saƙon murya, don shi na iya. Ya dawo min da rubutu. Na kai wa Bulus ya karanta min: "Sifikar wayata ta lalace. Rubuto da Hausa."

Saƙon farko da na rubuta masa, tun azahar nake fama har aka kira la'asar. Layi biyu ne. Ko ni da na rubuta ban iya sake karanta shi ba. Ya amsa kamar ba komai. Bai taɓa ce min ga kuskure ba. Abin da yake yi, kalmar da na rubuta a karkace sai ya sako ta a cikin amsarsa a daidai. In gani, in gyara a gaba.

Sifikar nan ta yi shekara shida a lalace.

Wani hutu na shigo ɗaki na same shi yana sauraron saƙon muryar wani abokinsa, ƙara har waje. Muka haɗa ido. Ya tura wayar a aljihu ya ce, "Wani lokacin takan tashi."

Na ce, "Kawo in gyara maka."

Ya ce, "Wayata ba janareto ba ce, Bawa."

Yau ni ke rubuta sunan kayan gyara da kaina in tura wa masu kaya. Ina karanta abin da ke jikin inji. Wannan dogon rubutun da kuke karantawa, ba wanda ya riƙe min waya.

Zuwansa na ƙarshe shi ne hutun da ya wuce, wata biyu ke nan. Ya gama karatunsa, ba ruwansa da hutun makaranta, amma ya ce jikinsa ya saba, idan damina ta yi tsakiya Makera yake so. Ya rame. Idonsa ya yi ɗorawa fiye da yadda na saba gani. Wasa ɗaya biyu sai ya ajiye hannun ya ce yatsunsa sun gaji, in buga shi ya yi koci. Ya kwanta a doguwar kujera da bargo yana ba ni umarni, yana zagin mai tsaron gida.

Fim kuwa ba a fasa ba. Yanzu ina gane fiye da rabi da kaina, ya kuma sani. Duk da haka sai an jawo kujerar Iya. Muryarsa ta yi ƙasa, sai na matso kusa nake ji. "Iya, cewa ya yi zai dawo." Iya ta rufe ido.

Ranar da za su tafi, da hantsi, na ɗauko kwalin gem ɗin zan sa a but ɗin mota kamar yadda na saba duk shekara. Ya ce, "Mayar. Bar shi a nan, ka riƙe mana ƙungiya kafin in dawo."

Bai taɓa barinsa ba. Na tsaya da kwali a hannu ina kallonsa.

Sai ya matso, ya rage murya yadda Kawu ba zai ji ba, yana murmushi. Ya ce, "Yanzu dai ka san wanda ake dannawa ko?"

Shekara goma sha ɗaya, ranar ce kaɗai ya taɓo maganar.

Na ce, "Ɗan Madara, ashe kana riƙe da ni."

Ya ce, "Na yafe tun ranar. Mantawa ce ban yi ba. Ƙungiya ce fa mai kyau, Bawa."

Muka yi dariya. A nan ya kamata in ce masa na gode. Amma tsakanin taubasai godiya nauyi gare ta, na san zai mayar da ita wasa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ka gaida gida." Na rufe masa ƙofar mota.

Can anjima saƙo ya shigo: "Mun wuce Kakau. Na ci gasasshiyar masara biyu, ban rage maka ba."

Na ce a raina idan ya dawo baɗi zan faɗa masa.

Ɗazu bayan mutane sun ragu na shiga wajen Iya. Tana zaune a kujerar nan tata, a falo, talabijin a kashe. Ba ta kuka. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Can ta ce, "To yanzu wa zai yi min fassara?"

Na ce, "Iya, ai ke barci kike yi."

Ta ce, "Barcin me? Da harbe-harben nan wa zai iya barci?"

Na ɗago na kalle ta.

Ta ce, "Ranar da ka ɓata masa wasansa, a madafi ya same ni, ido jawur. Na ɗauka ƙararka ya kawo. Sai ya ce, Iya, ki taimake ni ki riƙa zama idan ana kallo, ko ba kya so. Kuma kar ki faɗa wa kowa. Ni ina ruwana da Turawa? Rufe ido nake in ja carbina, in bar ku."

Na ce, "Duk shekarun nan?"

Ta ce, "Miji ya roƙi abu, ya zan yi." Sai a lokacin hawaye suka zubo mata. Ta share da gefen mayafi ta ce, "Na ji abin da aka faɗa a waje. Ni amana ya ba ni, na riƙe har ya tafi. Kai bai ba ka ba. Ka faɗa wa ubansa."

To Kawu, abin da muke samu a cikin abin nan ke nan. Ni dai karatu na samu, ba tare da an taɓa nuna ni da yatsa ba. Ɗanka yana da shekara goma sha huɗu, da ciwo a jikinsa, aka goge masa abin da ya fi so, kuma abin da ya fara tunani shi ne yadda zai rufa min asiri.

Na'urar tana nan a kan tebur inda ka gan ta. Ƙungiyar na ciki, na ajiye ta daidai. Ban san ranar da zan iya kunnawa ba. Abin da na sani, damina za ta dawo, yara za su cika layi, ni kuma kunnena zai riƙa jiran hon sau biyu daga kwanar masallaci.

Sadik, na gode. A rubuce na turo, yadda kake so.

Ya Allah, yadda bawanka Abubakar ya rufa min asiri a gaban mutane, ka rufa masa nasa ranar da za a tara kowa. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka yalwata masa kabari, ka ba shi jikin da ba ya ciwo a Aljanna Firdausi. Ka ba Kawu da Mama mahaifiyarsa da Zainab da Iya haƙuri.

Duk wanda ya karanta har nan, ko bai san shi ba, ina roƙonsa ya tsaya ya yi masa addu'a da sunansa. Abubakar Sadik.

Kawu, kar ka ɗauka son ɗan'uwa ne ya sa na ƙara gishiri. Ba ni kaɗai na gani ba. Zainab tana falon ranar da na goge ƙungiyar, ta kuma ji abin da ya ce. Bulus yana wurin, shi ya karanta min saƙon sifika. Yau tun daga Kamazou ya taso, shi ne wanda ka gani tsaye a gefe har aka gama rufe kabari. Sai Iya, wadda ba ta taɓa yin barci ba.